Gyaran birkin baya na tsohuwar Golf GTI: aikin da sani ya fi ƙarfi tasiri

A ƙasashen Turai, musamman ma Jamus da Birtaniya, akwai ɗimbin masu sha'awar tsofaffin motoci masu gudu waɗanda kan gyara su da hannunsu a garejin gida. Daga cikin ayyukan da suka fi ba su wahala akwai birkin baya na motar nan Golf GTI samfuri na biyu, wanda a ido yake da sauƙi, amma ƙaramin kuskure a cikinsa ke iya juyar da mota a tsakiyar titi.

A shekarar 1976 ne kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara sayar da Golf GTI, bayan da ya nuna ta a bikin baje kolin motoci na birnin Frankfurt a 1975. Guda 5,000 kacal aka yi niyyar ƙerawa da farko, amma saboda karɓuwar da ta samu sai da aka ƙera sama da 460,000 na wannan samfuri na farko. Mota ce ƙarama mara nauyi, mai inji mai ƙarfin dawaki 110, sai dai birkinta na baya irin na ganga ne, wato wanda kanikawa ke kira duram, kamar dai na sauran ƙananan motocin wancan zamani.

Da samfuri na biyu na GTI ya fito a 1984, sai aka sanya masa birki mai faifai a dukkan ƙafafu huɗu. Dalili kuwa a fili yake: gudun motar ya ƙaru. Wadda aka fitar a 1986 mai bawul 16 tana da ƙarfin dawaki 139, kuma tana iya gudun kilomita 208 a cikin sa'a guda. An daina ƙera Golf 2 a 1992, abin da ke nufin ko autar cikinsu ta haura shekaru 30 a yanzu. A Jamus, tun daga 1997 motar da ta kai waɗannan shekaru, kuma aka adana ta a kan kamanninta na asali, tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, alamar cewa ta shiga sahun kayan tarihi.

Masu irin waɗannan motoci kan yi gyara da kansu ne saboda sha'awa da kuma tsadar aiki, kasancewar a Turai da sa'a ake lissafa ladan bakanike. Akwai kuma littattafan jagora da suka daɗe suna taimaka musu, irin su na kamfanin Haynes na Birtaniya, wanda ya fitar da littafinsa na farko na gyaran mota a 1966, da kuma jerin littattafan Rüdiger Etzold a Jamus. Wanda duk zai taɓa birki, wajibi ne littafin da ya dace da samfurin motarsa da shekararta ya kasance a kusa da shi.

Me ya sa birkin baya ke da muhimmanci?

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,000, idan aka tsayar da ita daga gudun kilomita 100, zafin da birki zai haɗiye cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita guda. Idan gudun ya ninka zuwa kilomita 200, zafin ninki huɗu yake yi. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci masu gudu suka fi son faifai, domin a buɗe yake iska na kaɗa shi, saɓanin ganga da ke riƙe zafi a cikinta.

To sai dai mafi yawan wannan aiki ƙafafun gaba ne ke yin sa. Da zarar direba ya taka birki, nauyin mota kan rinjaya gaba, kuma a motar da injinta ke gaba kamar Golf, abin da ke rage wa ƙafafun baya bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai hakan ba. Shi ya sa birkin baya ke iya mutuwa na tsawon watanni ba tare da mai mota ya ankara ba, tun da dai motar na tsayawa.

Haɗarin kan bayyana ne a ranar da aka taka birki na gaggawa. Tayar da ta daina juyawa ta koma jan ƙasa ba ta iya riƙe mota daga zamewa gefe. Idan tayoyin gaba ne suka ƙulle, motar kan tafi santal inda ta dosa. Amma idan na baya ne suka riga ƙullewa, ko kuma ɗaya ta kama ɗaya ba ta kama ba, sai bayan motar ya juyo gaba, kuma ko ƙwararren direba da wuya ya iya ceto ta. Saboda haka ne ƙa'idojin ƙera motoci na Turai suka tanadi cewa ƙafafun gaba su riga na baya ƙullewa. Ke nan aikin birkin baya bai tsaya ga rage gudu ba, shi ne ke riƙe motar a kan layinta.

Akwai kuma wani abin lura. Hanyoyin man birki na Golf kashi biyu ne, kuma a gicciye aka haɗa su: ƙafar gaba ta dama tana tare da ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu kuma tana tare da ta baya ta dama. An yi haka ne domin idan hanya ɗaya ta fashe, ɗayar ta tsayar da motar. Amma hakan na nufin duk wata iska ko yoyo da aka bari a ƙafar baya, ƙafar gaba guda ma ta shafa.

Alamomin matsala

A wannan mota, fad ɗin birkin baya, wato 'yan allunan nan biyu da ke matse faifai, ba su cika cinyewa da wuri ba. Abin da ya fi damun su shi ne tsatsa da rashin motsi. Alamomin da aka fi gani sun haɗa da birkin hannu da ba ya riƙe mota a gangara, ko wanda idan an ja shi ba ya sakin ƙafa, da ƙafa ɗaya da ke ɗaukar zafi da ƙauri bayan ɗan gajeren tuƙi, da faifan da fuskarsa ta yi ja da tsatsa maimakon ta yi sheƙi, alamar cewa fad ba ya taɓa shi. Haka nan idan fad na ciki ya cinye ya bar na waje, ko akasin haka, to akwai abin da ya maƙale.

Bisa ma'aunin kamfanin, kaurin sabon faifan baya milimita 10 ne, faɗinsa kuma milimita 226, kuma idan kaurin ya sauka zuwa milimita 8 to ya gama aiki. Shi kuwa fad, ana canja shi idan kaurinsa, har da ƙarfen bayansa, ya sauka zuwa milimita 7. Ƙa'ida ce da ba a karya ta: duk abin da aka canja a hagu, a canja shi a dama a rana guda.

Kafin a taɓa sifana

Haɗari na farko a wannan aiki shi ne mota ta faɗo wa mai gyara. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canja taya kawai. Wajibi ne a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe da aka ƙera domin wannan aiki, a kan daɓe mai ƙwari wanda ba shi da gangara. Bulo da tarin duwatsu kan farfashe ba tare da wata sanarwa ba. Kuma tun da aikin na buƙatar a saki birkin hannu, babu abin da ke riƙe da motar sai giya da weji. Don haka a sanya ta a giya ta ɗaya, a kuma tokare tayoyin gaba ta gaba da ta baya.

Haɗari na biyu shi ne ƙura. A da ana haɗa fad da lainin birki da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Jamus ta haramta shi a 1993, Birtaniya a 1999, sannan haramcin ya game dukkan ƙasashen Tarayyar Turai a 2005. Amma tsohuwar mota na iya ɗauke da tsohon kaya, kuma har yanzu akwai ƙasashen da ba su hana amfani da shi ba. Saboda haka ba a hure ƙurar birki da baki ko da injin iska. Ana wanke ta ne da maganin fesawa na wanke birki, mai aikin kuma ya rufe hanci da baki.

Fistin ɗin da ba a tura shi

Muƙamuƙin ƙarfen da ke rungume da faifai, wanda kanikawa ke kira kalifa, noti biyu ne ke riƙe da shi. Ana kwance su da sifana mai lamba 13, yayin da ake riƙe sandar da suke ciki da siririyar sifana mai lamba 15 don kada ta juya tare da su. Idan kalifar ta fita, a rataye ta da waya a jikin sifirin. Ba a barin ta tana lilo a jikin tiyon mai, domin nauyinta kan iya tsinka zaren da ke cikin tiyon ba tare da an ga alama a waje ba.

A nan ne ake zuwa wurin da mafi yawan sababbin masu gyara ke yin ɓarna. Sabon fad ya fi tsoho kauri, don haka dole ne fistin ɗin da ke cikin kalifa ya koma ciki kafin a samu wurin sanya shi. A birkin gaba, matse fistin kawai ake yi ya koma. Wanda ya saba da haka sai ya ɗauka na baya ma haka yake, ya kawo matsi ko ƙarfen banƙara ya danna. Da ya ga ya ƙi motsi sai ya ƙara ƙarfi, garin gyaran gira ya rasa ido.

Dalilin ƙin motsin shi ne, kalifar baya aiki biyu take yi. Tana aiki da mai idan an taka birkin ƙafa, tana kuma aiki da waya idan an ja birkin hannu. Wayar tana jan wani ɗan hannu ne da ke bayan kalifar, shi kuma ya tura wata sanda mai zare irin na noti da ke shige cikin fistin. Yayin da fad ke cinyewa, fistin na fitowa sannu a hankali yana warwarewa a kan zaren, ta yadda birkin hannu zai ci gaba da kamawa a wuri guda ba tare da an daidaita shi ba. Hanyar da ya fito, ita ce hanyar komawarsa: sai an murɗa shi ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ana kuma danna shi a lokaci guda. Wanda ya tura shi da ƙarfi tsiya, zai lalata zaren da abin da ke daidaita shi, daga nan kuma sai sayen wata kalifar.

Akwai ɗan makami na musamman mai araha da ke yin murɗawa da dannawar a tare. Kalifar motocin farko tana da rami mai kusurwa shida a fuskar fistin, ta baya-bayan nan kuma tsaga biyu gare ta. Yayin murɗawar, a kula kada robar da ke kare fistin daga ƙura ta nannaɗe ta yage, a kuma riƙa duba gwangwanin man birki da ke gaban mota, domin man da ke komawa zai iya cika shi ya zube, kuma man birki na cin fenti.

Idan fistin ya ƙi murɗuwa, ko ɗan hannun birkin hannu ba ya komawa mazauninsa da kansa bayan an saki waya, to ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Wannan ita ce sananniyar cutar kalifar Golf 2, musamman a ƙasashen da ake zuba gishiri a kan tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Fesa mai daga waje kan sa ta motsa na 'yan makonni ne kawai. Maganin shi ne a sake ta da wadda aka sabunta, kuma da dama daga cikin masu wannan mota kan koma ga kalifar Golf 4, wadda aka yi da alminiyam, ko da yake ita ma sai an canja mata tiyon da ya dace da ita.

Sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu su ma sai an zaro su an goge, an shafa musu giris. Amma ba kowane giris ba. Robobin birki ba sa jituwa da duk wani abin da aka samo daga man fetur: giris na yau da kullum, da baƙin mai, da kananzir, da shi kansa fetur, duk suna sa su kumbura. Giris na silikon ko wanda aka yi musamman don birki ake amfani da shi, kuma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko ta faifai.

Faifai da boris

A yawancin motocin zamani, faifai hula ce kawai da ake kifawa a kan cibiyar ƙafa. A Golf 2 da Golf 3 kuwa, faifan baya shi ne cibiyar, kuma a cikinsa boris ɗin ƙafa yake zaune. Ke nan wanda zai canja faifai, ya shiga aikin boris ko ya so ko bai so ba. Sai ya kwance mariƙin kalifa, ya cire murfin tsakiya, ya zare fil, ya kwance noti, sannan faifan ya fito. Sabon faifai kuma da sabon boris ake haɗa shi: a buga zobbansa su zauna daram, a cika shi da giris na boris, a sanya sabuwar robar da ke hana giris fita.

Ɗaurin wannan noti shi ne wuri na biyu da ƙarfi ke yin ɓarna. Boris ɗin irin mai tsini ne, wanda ke buƙatar ɗan sarari kaɗan. Idan an ɗaure shi tamau zai yi zafi ya ƙone, idan kuma ya yi sako-sako ƙafa za ta riƙa rawa. Yadda littattafan gyara suka koyar shi ne, a ɗaure notin ana juya faifai don boris ya zauna, sannan a sassauta har sai washar da ke bayan notin ta iya gusawa idan an tura ta da bakin sukudireba da ƙarfin yatsa kawai, ba tare da banƙara ba. Daga nan a kifa makullinsa, a sanya sabon fil. Wannan ɗan fil da bai kai tsawon yatsa ba, shi ne ke hana notin kwancewa ƙafa ta fice ana cikin tafiya, don haka ba a mayar da tsoho, balle a maye gurbinsa da ƙusa.

Bawul ɗin da ake mantawa da shi

A ƙarƙashin motar, kusa da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, akwai wani bawul da ɗan sifirin ya haɗa shi da wannan ƙarfe. Aikinsa shi ne auna nauyin da ke bayan mota. Idan an yi lodi bayan ya sauka, sai ya bar mai ya wuce da ƙarfi. Idan kuwa babu kaya, ko bayan ya ɗaga saboda an taka birki, sai ya rage ƙarfin don kada tayoyin baya su ƙulle. A motar da ba ta da na'urar hana ƙullewar taya ta ABS, kamar yawancin Golf 2, wannan bawul ne kaɗai ke tsakanin direba da juyawar mota.

Bayan shekaru 30 a cikin ruwa da laka, hannun bawul ɗin kan maƙale. Idan ya maƙale a rufe, birkin baya ba zai yi aikin kirki ba komai sabuntar kayansa. Idan ya maƙale a buɗe, tayoyin baya za su riƙa ƙullewa. Haka nan masu rage tsayin motarsu don ado ko don gudu, kan yaudari bawul ɗin ya ɗauka lodi aka yi, don haka sai an sake daidaita shi. Duk wanda ya gyara birkin baya bai duba cewa wannan hannu na motsi ba, bai kammala aiki ba.

Bawul ɗin na da tasiri wajen cire iska ma. Idan an ɗaga mota ƙafafun baya na reto, a wurinsa motar ba ta da nauyi ke nan, sai ya taƙaita man da ke wucewa. Don haka sai an tokare hannunsa a buɗe, ko kuma a bar nauyin motar a kan ƙafafunta.

Mai da iska

Muddin aka buɗe tiyo ko aka canja kalifa, iska ta shiga, kuma iska na matsuwa, saɓanin mai. Shi ya sa feda ke yin laushi. Ana fara cire ta ne daga ƙafar da ta fi nisa: ta baya ta dama, sai ta baya ta hagu, sai ta gaba ta dama, sannan ta gaba ta hagu. Mutum ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe ɗan notin fitar da iska yana rufewa, ana kuma ƙara mai don kada gwangwani ya ƙafe. A tsohuwar mota ba a nitsar da feda har ƙasa, domin robobin babban famfon birki za su bi ta wurin da suka daɗe ba su bi ba, inda datti da tsatsa suka taru, su yage. A kuma tabbata ɗan notin yana sama, domin iska sama take taruwa. Idan ya koma ƙasa, to an musanya kalifar hagu da ta dama.

Shi kansa man birki yana tsufa, domin yana zuƙar danshi daga iska. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin na iya sauka zuwa 155. Man da ya tafasa kan zama tururi, sai direba ya taka feda ta tafi ƙasa babu birki. Wannan ne ya sa ake canja shi duk bayan shekaru biyu, daga sabuwar kwalba da ba a taɓa buɗewa ba. Nau'in DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4.

Tiyo ma abin dubawa ne. GTI mai faifai a baya tana da tiyon roba biyu a kowace ƙafar baya. Tsohon tiyo kan kumbura ta ciki, ya bar mai ya tafi amma ya hana shi dawowa, sai birki ya riƙe ƙafa, a yi ta zargin kalifa alhali ba laifinta ba ne.

Haɗawa da gwaji

Notin kalifa sababbi ake sanyawa, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri zuwa ma'aunin Nm 35, na taya kuma zuwa 110. Daga nan, kafin a taɓa birkin hannu, sai a yi ta taka feda motar na tsaye har sai ta yi tauri, domin fistin ya fito ya tarar da fad. Bayan haka ne ake daidaita wayoyin birkin hannu, ta yadda idan an sake shi, 'yan hannayen kalifa za su koma mazauninsu kuma tayoyi su juya ba tare da tirjiya ba. Wanda ya manta da taka feda ya tayar da mota, takun farko ba zai sami birki ba.

Gwajin farko a fili mara jama'a ake yin sa, a kan ƙaramin gudu. Sabon fad na buƙatar tafiyar kimanin kilomita 200 kafin ya zauna sosai a kan faifai, kuma a wannan tsakani ana guje wa taka birki da ƙarfi sai bisa larura. A Turai akwai wani alƙalin bayan wannan. A Jamus ana binciken lafiyar mota duk bayan shekaru biyu, a Birtaniya kuma duk shekara, inda ake ɗora ƙafafu a kan na'urar da ke auna ƙarfin kowane birki. A ƙa'idar Birtaniya, idan ƙarfin ƙafa ɗaya bai kai kashi 70 cikin 100 na 'yar'uwarta ba, motar ta faɗi jarrabawa.

Darasi ga masu Golf a Najeriya da Nijar

Golf ba baƙuwa ba ce a Najeriya da Nijar, inda aka shigo da Golf 2 da Golf 3 masu yawa na hannu daga Turai, da dama ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka kuma zama motocin haya tsakanin garuruwa. Yawancinsu birkin ganga ne da su a baya, sai ƙalilan irin su GTI da VR6 masu faifai. Amma boris mai son sarari, da fil, da man da ke tsufa, duk iri ɗaya ne, kuma irin kalifar da ake murɗa fistin ɗinta tana jikin motoci da dama na Turai da Japan da ake hawa a yau. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna yi wa robobi da sanduna irin ɓarnar da gishiri ke yi a Turai. Wanke kayan birki da fetur, da toshe bututun ƙafar da ke yoyo a ci gaba da tafiya da ƙafa uku, da zuba ruwan sabulu idan mai ya ƙare a hanya, duk dabaru ne da ke iya halaka motar da ta ɗauko fasinja da kaya fiye da kima, wadda a daidai wannan lokaci ne ta fi buƙatar birkin baya.

Mai hankali kuma ya san inda zai tsaya. Idan bututun ƙarfe ya ci tsatsa, ko notin fitar da iska ya karye a ciki, ko jikin fistin ya yi ramuka, ko motar na da ABS wadda hanyar cire iskarta ta bambanta, ko kuma feda ta ƙi yin tauri bayan an yi duk abin da ya kamata, to aikin ya zama na ƙwararre, kuma janyo motar za a yi zuwa gareji, ba tuƙa ta ba. Haka nan motocin baya-bayan nan masu birkin hannu na lantarki, irin su Golf 7 da ta fito a 2012, sai an haɗa su da kwamfuta kafin a mayar da fistin. Hausawa dai sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ballantana ma a aikin da rayukan mai mota da iyalinsa da sauran masu bin hanya suka rataya a kansa.